Labaran Mai Tsaron Jingar Fakuwa

Da an sallame sallar asuba a Fakuwa, Labaran zai saɓa gorarsa ya nufi rafi. Tun shekarar da aka sami mulkin kai aikinsa ke nan, kula da jingar ƙasar da ta tare ruwa daga unguwar gangare, inda rumbunan rabin gari suke. Yakan fara da tsamiyar bakin rafi, ya auna tabon da ambaliyar baya ta bari a jikinta, sannan ya bi jinga yana gwadawa da gora. Duk inda tudun bai ɗara tabon ba, sai ya soka kara, ya koma ya ɗauko shebur da kwando.

Mun sha yi masa tsiya, har da ni. Da rani rafi ya bushe ƙayau, jakai na birgima a yashi, shi kuwa yana ta awon ruwan da babu shi. Murmushi kawai yake yi ya wuce.

Da arzikin mai ya shigo, kowa ya tashi gini, ga shi ƙasar jinga ja ce mai danƙo, irin wadda magina ke so. Labaran ya kori masu jakai da ke zuwa ɗibar ƙasa ba iyaka, har na Kusada. Sai wata safiya ya tarar da Malam Sodangi, mahaifin matarsa, ya riga ya sari jinga yana cika mangala. To, kowa ya san zama da suruki: ba a haɗa ido, ba a kiran suna, in an hango shi ma sai a sake hanya. Ta yaya Labaran zai ce masa bari?

Inno mai tallar nono ta ga abin da idonta. Ta ce Labaran takalmi ya tuɓe, ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya shiga ramin ya zauna, kansa a sunkuye.

"Kai, mi kake nufi?" in ji tsohon.

"Baba, a gafarce ni. Ƙasar ga ita ke riƙe da hatsin mutane. In sara za a yi, a fara da ni."

Tsohon ya zazzage mangala ya kora jakinsa. Daga ranar ya daina amsa gaisuwar Labaran, abin kuwa ya ci masa rai ƙwarai. Amma Labaran bai bar ramin ba sai da ya cike shi ya daɓe.

Daminar nan ruwa ya zo da ƙarfi, ya hau har wuyan jinga, daidai wurin da aka cike, ya yi ta dukanta bai samu hanya ba. Ko rumbu ɗaya bai jiƙe ba. Malam Sodangi kuwa, ai suruki ba ya ba da haƙuri. Sai dai da rani ya kama, aka riƙa ganinsa yana ɗebo ƙasa daga nesa yana zubawa a jinga, Labaran na daɓewa, ba mai kallon wani.

Labaran, bana gwiwa ta sa ka ajiye aiki. Kai ne katangar gangare, kai ka sa muke barci ana tsawa. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri.

Ku kuma samarin Fakuwa, jinga na jiran mai tsaro, magina kuwa ba su daina ba. Wanda zai gaji Labaran ya shirya tun yanzu, don mai saran jinga ba kullum yake zama baƙo ba. Wata rana wanda kake durƙusa wa ne.