Furar Da Baba Ya Miƙo Da Hagu

"Baba, ka faɗa rami," in ji ɗana Nasiru.

Wani wasa ne ya koyo a jami'a a Aliero. Shi ke ba da labari, mu kuma kowa da jaruminsa a takarda.

Na ce, "Don mi ba ka ce in duba ba?"

Ya ce, "Akwai makin lura a takardarka, shi ne abin da jaruminka ke gani ko bai nema ba. Naka ya yi ƙasa, don haka ba mai gaya maka."

Na aje takardar.

Farkon samun jihar Kebbi na je Gumbin Kure gaida mahaifina. Mutumin da ke zane mu in mun ci da hagu, ranar nan da hagu ya miƙo mini ƙwaryar fura. Na karɓa na shanye, ina ta zuba masa labarin kasuwar Jega. Bayan kwana uku ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bai sake magana ba har Allah ya karɓi abinsa.

Nasiru ya ce a wasan ana iya ƙara makin. Ni kam ko an ƙara mini yau, wa zan duba?

Ku fa, me ya taɓa wucewa ta gabanku idonku biyu?