Kujerun tagwaye sun cika mota

Sau uku ke nan ina cire kujerun tagwayena ina mayarwa, gumi na zuba, dillali sai duba agogo yake. Mota mai cin mutum bakwai ya kawo min har ƙofar gida a Rano in gwada. Ni da maiɗakina, yara uku, sai kujerun jariran biyu masu bel. Ta cika cif.

Hajiya, mahaifiyata, tana bakin zaure tana kallona.

Ta ce, "Sani, in za ka Kibiya ka tarar da Gwaggo Ladi a bakin titi tana jiran mota, me za ka ce mata?"

Na ce, "Sai in ce mun cika, Hajiya."

"Kun cika? Ga cinyar matarka a banza, jariri ya hakimce a kujera, tsohuwa tana rana? To, kai za ka faɗa mata da bakinka."

Na taɓa ganin abin da birki ɗaya ya yi wa yaron da ke kan cinya. Amma ban taɓa wuce ɗan uwa a hanya ba.

Dillali ya ja motarsa, ya ba ni zuwa Juma'a. Tun ɗazu nake kai-komo a tsakar gida.

Jama'a, in ku ne, wa za ku sauke?