Jibirilla da Ragon da Ya Binne

A zamanin Faransa, duk wanda ya ci tsire a unguwar New Bell ta Duwala ya san tukubar Jibirilla. Mutumin Katsina ne, ya sauko Duwala yana saurayi da wuƙa da buhun ƙuli. Ya kai furfura ba a taɓa mayar masa da tsinke ba, kuma wannan sunan shi ne duk dukiyarsa.

Haihuwa ce ta yi masa nawa. Da matarsa Rakiyatu ta haifi namiji bayan an daina yi musu addu'a, sai ya rantse zai yi walimar sunan da ba a taɓa gani ba. Rago ɗaya gare su, wanda ita ta yi kiwonsa da ɓawon ayaba.

Ya taɓa kai nama tashar jiragen ruwa, inda wani kukun jirgi ya ba shi labarin tsibirin Hawai. Can, in ji shi, rami suke haƙawa, su zuba duwatsu masu zafi, su naɗe alade da ganyen ayaba su binne, ya fito yana zubewa daga ƙashi. Jibirilla ya yi a'uziyya ya cire aladen daga labarin, ya riƙe ramin. Bai tambaya ko ƙasar Hawai irin ta New Bell ce ba, inda kamu biyu kake haƙawa ka tarar da ruwa yana jiranka.

Ranar suna aka raɗa wa yaro Yusufa, aka yanka rago. Wanzami ya miƙo hannu don wuyansa, ungozoma ta aiko a ba ta ƙafarta.

"Ku yi haƙuri," in ji Jibirilla. "Gaba ɗayansa zai shiga rami. Kowa zai karɓi rabonsa a gashe."

Ɓoɓɓo, wani Bafillace mai sayar da shanu, abokin tsokanarsa, ya leƙa ramin. "Kaɗo, mu dai a Marwa mamaci muke yi wa haka. A kira liman ne?"

"Jira ka ɗanɗana, ɗan Fulani."

Ya hura wuta a ramin, ya jera duwatsu suka yi zafi, ya shimfiɗa ganye, ya kwantar da rago, ya mayar da ƙasa. Mutane suka zauna kan tabarmi suna kallon tudun kamar masu zaman makoki.

Da hantsi tururi na tashi. Kafin azahar ya daina. Jibirilla ya ɗora tafin hannu kan ƙasar, ya ji ta kamar randa. Sannan Duwala ta yi abin da ta saba, sama ta buɗe.

Ya ɓalle kwanon rufin banɗaki ya rufe tudun. Ruwan bai damu ba, ta ƙasa yake shiga. Ya haƙa kwata da hannu, ya kwashe da ƙwarya, ya tuɓe babbar rigar da ya ɗinka don ranar ya toshe ɓaraka da ita.

Rakiyatu ta yi magana ta bayan labule. "Malam, mata na tambaya. Me zan ce?"

"Ki ce yana dahuwa."

"Dahuwa? Da ka ce gashi."

Yana durƙushe cikin taɓo yana hura wani ɗan rami da ya yi a gefe, ko wutar za ta tuna da shi.

Bayan la'asar liman ya ce a tone, jama'a na da gidaje. Ragon ya fito bayansa fari fat, cikinsa ja, taɓon unguwa ya ratsa shi har ƙashi, ruwan kwata na ɗiga daga ganyen. Wanzami ya dubi wuyansa ya ce ya yafe. Ungozoma ba ta yafe ba. Aka ci shinkafa da manja, aka yi fatiha, kowa ya tattare riga ya tsallake ruwa.

Ɓoɓɓo ne ya fita ƙarshe. "Se fini, Kaɗo, ta ƙare. Allah ya ji ƙansa, rago ne mai haƙuri."

Washegari Jibirilla ya hura tukuba kamar kullum. Masu wucewa suka riƙa tambaya ko na yau ma tono shi aka yi. Kafin damina ta fita ya kwashe tsinkensa ya koma unguwar Ndokoti, inda labarin ya riga shi isa.

Yusufa ya girma ana kiransa Na-Rami. Uban kuwa har ya rasu yana kan bakansa cewa dabarar ba ta da laifi, duwatsun ne suka yi kaɗan.