Layin Da Na Goge Daga Sanarwar Baba Ja'afaru

Na Allah ne mu, kuma wurinSa makomarmu take. Ranar Litinin, 14 ga Safar 1438, daidai da 14 ga Nuwamba 2016, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Ja'afaru Uzairu a gidansa da ke unguwar Hindawiyya a Makka, bayan jinyar ƙoda ta shekara biyu. Shekarunsa saba'in da ɗaya. An sallace shi a Harami bayan la'asar, aka kai shi maƙabartar Shara'i. Ya bar matarsa, Hajiya Rumasa'u, da 'ya'ya biyar da jikoki.

Haka aka koya mana rubuta labarin rasuwa: wane ne, yaushe, a ina. Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin jarida a Kaduna kafin karatu ya kawo ni Makka, aikin fassara ya zaunar da ni. A wannan sana'a na koyi cewa mutum yana iya rubuta jimlar da kowace kalmarta gaskiya ce, ita kuma ɗungurungum ƙarya ce. Na taɓa yi maka irinta, Baba. Saboda haka yau ba zan rage komai ba.

A unguwar Tandabawi, nan Makka, aka haife ka. Mahaifinka ya baro Haɗeja da ƙafa, ya yi shekara tara a hanya yana noman auduga a Sudan kafin ya tsallako teku. Ba ka taɓa ganin Haɗeja ba, amma Hausar can ce a bakinka har ka koma ga Allah. Da na zo da iyalina a 2009, ban san kowa ba, kai ka bi rana da ni gida gida a unguwar Shisha har muka samu wanda ruwa yake hawa benensa. Ka ce kada in kalli fenti, in buɗe famfo. Kowace shekara lokacin aikin hajji kana zama a bakin titi kana duban fuskokin tsofaffin da suka ɓace wa masaukinsu. Na tuna wata dattijuwa daga Dosso da ta wuni biyu tana yawo, ta ƙi kula kowa saboda tsoro. Ka durƙusa gabanta ka ce, "Inna, ina gajiya?" Sai ta fashe da kuka. A gidanka ta ci tuwo kafin ka gano mutanenta.

Wannan kowa ya san ka da shi, kuma an faɗe shi a wurin zaman makoki. Abin da ba a cika son ambata ba shi ne hoshi.

Shekara goma sha biyu na ƙarshen rayuwarka kana gadin wani fili mai katanga, irin wanda a nan ake kira hoshi, a tsohuwar hanyar Jidda, inda ake ajiye rodi da katako. Da mage ɗaya da mota ta take wa ƙafa aka fara. Mai filin ya kawar da kai, mutane suka ji labari, aka riƙa kawo maka duk dabbar da ta jikkata. Wani likitan dabbobi Basudane yana leƙowa ranar Juma'a don Allah. Kafin a ankara wurin ya zama mafaka: mage kusan talatin, kare huɗu. Magen ba su dami kowa ba, mutanen Makka suna son mage. Karnukan ne suka jawo maka suna, aka koma kiranka Baba mai karnuka. A wata walima a Shisha, wani ɗalibi ya ga ka miƙa hannu cikin faranti ya ce, "Baba, an dai wanke sau bakwai ko?" Aka yi dariya. Ni ma na yi, ina zaune a gefenka. Ka ce, "Na wanke, ɗana, har da ƙasar. Miƙo mini barkonon nan."

A cikin karnukan akwai wata karya mai launin toka, ka sa mata suna Toka. A bayan katanga ka tsince ta, waya ta nutse a wuyanta, jikinta duk tabon cizo. Likitan ya ce alamu sun nuna an daɗe ana haɗa ta faɗa da wasu karnuka. Da mutum ba ta da matsala. Idan ka zauna, kanta take ɗorawa a kan takalminka. Amma da ta hangi wata dabba, mage ce, akuya ce, ko ɗan'uwanta kare, sai jikinta ya ɗauki rawa, ta manta da kowa, ta yi kanta. Ka yanke mata ɓangare guda na filin da kwano don kada ta ga sauran. Ka ce mini, "Ba mugunta ba ce, Ustaz. Tsoro ne. Ita a saninta duk mai ƙafa huɗu zuwa ya yi ya kashe ta."

A watan Shawwal aka sayar da filin, aka ce zuwa ƙarshen Safar a kwashe komai. A lokacin kana zuwa wankin ƙoda sau uku a mako, ciwon suga kuma ya rage maka gani. Magen suka watsu a gidajen mutane. Karnuka uku makiyaya suka karɓa. Toka ta rage. Dukkanmu mun san makomar karen da aka saki a bakin titi: nama mai guba, ko tayar babbar mota. Sai ka ce in rubuta maka sanarwa da Larabci da Hausa in tura a zaurukan waya, tunda ni ne mai alƙalami. Ka faɗa ina rubutawa. Ka ce, "Ka fara da wannan: ba ta zama da kowace dabba. Wanda yake da ko kaza ɗaya, kada ya kira."

Na koma gida na yi tunani irin na wanda ya yi karatu. Na ce a garin nan babu mai ajiye kare don sha'awa. Abin da malamai suka yi rangwame a kai shi ne kiwo da farauta da tsaron gona. Mafarauta ba sa son karyar da ta tsufa. Gona kuwa ban ko tsaya a kanta ba, don a zatona babu gonar da ba akuya. Saura makiyayi. Idan na fara da layin da ka ce, na kori mutum ɗaya tak da zai iya kira. Sai na goge shi. A madadinsa na rubuta, "Tana da tsananin tsaro." Na gaya wa kaina cewa idan ta ga fili da iska za ta sake. Kuma ban sa sunana ba. Lambarka kaɗai na sa, don kada abokan karatuna su ga Ustaz Salihu yana tallar kare.

Wanda ya kira shi ne Maman, mutumin Tawa, mai kiwon raguna a bayan gari. Watan Zulƙida ne, yana turka ragunan da zai kai wa alhazai na hadaya, ɓarayi kuma sun dame shi. Ranar da zai zo ɗaukarta kana asibiti, ni na tsaya a madadinka. Ban taɓa ta ba. Na nuna masa ita daga nesa, ya sa ta a bayan a-kori-kura, ya tafi. Da yamma ka kira ni, muryarka a gajiye, ka ce, "Ka faɗa masa halinta?" Na ce, "Ya karanta sanarwar." Ka ce alhamdu lillahi.

Kwana uku aka yi. Rana ta huɗu na kai ka hoshin da safe, sai ga motar Maman, ya dawo da Toka. Ashe a can ta tsinke igiya ta faɗa garke. Ta yage wa rago ɗaya kunne, ta bar biyu suna ɗingishi, kuma kowa ya san ragon da ke ɗingishi ba ya shiga hadaya. Kafin a raba ta da su an karya mata ƙafar gaba da sanda. Maman ya sauko yana huci. "Dattijo da kai! Da furfurarka, a garin Makka, ka yi mini ƙarya a kan kare?" Ka ce ai an rubuta halinta a sanarwar. Ya zaro waya ya karanta maka sanarwar tun daga farko har ƙarshe, da ƙarfi, kalma kalma.

Na ga lokacin da ka gane. Ka juyo inda nake tsaye, ba ka daɗe ba, ka mayar da kanka. Ka ce, "Ma'alesh, ɗan'uwa. Karyata ce, lambata ce. Laifina ne, ka yafe mini." Maman ya ce Allah Ya isa, ya ja motarsa. Ina tsaye da makullin mota a hannu. Jimla ɗaya ta isa ta wanke ka, kuma tsara jimla shi ne aikina. Ban buɗe baki ba.

A hanyar komawa ba ka yi mini faɗa ba. Da ka yi, da na samu sauƙi. Sai da muka iso Hindawiyya ka ce, "Ustaz, wanda zai riƙe ta, da halinta zai riƙe ta. In ka ɓoye masa, ba gida ka samo mata ba, sanda ka samo mata." Ka sauka, ka ce in gaida yara.

Daga ranar na ɗauke ƙafa. Na fake da aikin hajji, bayan hajji na fake da gajiya. Sau biyu ka kira, na ce zan zo ranar Juma'a. Juma'a goma sha biyu suka wuce. Sai saƙon 'yarka Basma ya shigo mini ranar Litinin cewa ka rasu.

Abin da ka yi a waɗannan makonni daga bakinta na ji. Likitan ya ɗaure ƙafar Toka. Kai kuma ka sa Basma ta rubuta sabuwar sanarwa da hannu, takarda ashirin, layin da na goge yana sama da manyan baƙaƙe. Ka ce mata ba zauren waya za a kai ba. A ranakun da ba ka da wankin ƙoda kana shiga tasi zuwa Jumum, garin manoma a bayan Makka, kana bin shagunan da ake sayar da iri da taki, kana roƙon su bari ka manna a ƙofa. Ka ce mai sayen irin lalo ba lalle ne yana da akuya ba. Ƙofar da ni mai karatu na rufe ina zaune a kan kujera, kai ka je da sandarka ka ƙwanƙwasa ta. Basma ta ce har daren da ya rage maka kana tambaya ko an kira. Ba a kira ba.

Rana ta biyu ta zaman makoki, bayan magariba, muna jere a kujeru a ƙofar gidanka ana zagayawa da gahawa, wani mutum da ba wanda ya sani ya zo ya yi ta'aziyya. Sannan ya ciro takarda a ninke daga aljihu. Sunansa Jibril, iyayensa ta Chadi suka zo, yana noman lalo da kuɓewa a wani lambu mai shinge a Wadi Fatima, kusa da Jumum. Ya kira lambar da safe, Basma ta gaya masa mai lambar ya rasu jiya. Ya ce ba shi da ko tantabara, kuma sau uku ana sace masa wayar injin ban ruwa. "Sati biyu ina wuce takardar nan," in ji shi. "Abin da ya tsayar da ni layin farko ne. Na ce mutumin da ya fara da aibin kayansa, sauran maganarsa ma gaskiya ce. Allah yarhamu, na so in gan shi."

Maman yana wurin. Duk da abin da ya faru ya zo, yana kujera ta huɗu daga inda nake. Na tashi na je gabansa, mutane suna ji, na gaya masa wanda ya rubuta sanarwar farko da abin da aka goge a cikinta. Ya ce, "Kai ne? Ka bar ni na ja wa dattijo Allah Ya isa?" Na ce ni ne. Ya rufe fuskarsa da rawani. Da ya buɗe, ba ni ya yi wa magana ba. Ya ɗaga murya ya ce ya janye, duniya da lahira, a shaida. Ni kuwa bai ce ya yafe mini ba, ban kuma ga damar roƙo a ranar ba.

Ranar Alhamis, saura kwana goma sha uku wa'adin filin ya cika, na je hoshin. Na sa wa Toka takunkumi da hannuna kamar yadda likitan ya nuna mini, na shimfiɗa bargo a kujerar baya ta motata, na rufe tagogi da zane don kada ta hangi awakin bakin hanya. Kafin mu sauke ta na sake karanta wa Jibril komai: ƙafar da ta karye, ragunan Maman, rawar jikin. Ya ce ya ji, za su gwada juna wata guda. Ba zan rubuta cewa ta warke ba, don ba ta warke ba. Jiya ya kira ya ce mage ta hau shinge, Toka ta yi haushi har muryarta ta dushe. Ya kuma ce tana ci, kuma idan ya zauna shan shayi kanta take ɗorawa a kan takalminsa.

Baba, sanarwar farko ban sa mata suna ba. Wannan na sa. Duk wanda ya ji an ce Malam Ja'afaru ya yaudari mutum a kan kare, ya sani Salihu mai fassara ne ya yi, shi kuwa ya rufa mini asiri ya tafi da zargin.

Ya Allah, bawanKa ya zo maKa. Ya ji ƙan abin da mutane suke ƙyama, Ka ji ƙansa. Ya rufa asirin wanda bai cancanta ba, Ka rufa nasa ranar da asirai za su tonu. Ka sa jinyarsa ta zama kaffara, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sada shi da iyayensa a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Rumasa'u, da Basma da 'yan'uwanta, da jikoki, da dukkan jama'ar Hindawiyya da Tandabawi. Allah Ya ba ku haƙurin rashi, Ya albarkaci bayansa. Ku kuma ku yafe mini abin da ban samu na roƙe shi ba yana da rai. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Salihu Hudaifa, Shisha, Makka.