Katantanwar Badagiri a Jikin Kaskona

Talata: daga gida zuwa Kano

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na bar ƙauyenmu na bayan Dawakin Tofa a kan babur, da ƙullin kuka da daddawa, zan je wurin 'yata Rabi da ta haihu a Badagiri. Shekara talatin ina ginin tukwane, ban taɓa wuce Zariya ba. Bakwai saura muka shiga Kano ta Bacirawa, amma babbar motar Legas ba ta tashi ba sai ƙarfe biyu.

Laraba: Legas

Tara na safe muka sauka, ƙafafuna sun kumbura. Surukina Sani, mai sayar da albasa, ya tarye ni. Muka ƙara awa uku a ƙaramar mota zuwa Badagiri. Abincina na farko a can teba ce da miyar kifi, barkono kamar ya tsige mini harshe.

Asabar: bakin teku

Na matsa wa Sani sai da ya kai ni. Na ɗanɗana ruwan, gishiri ne zalla kamar yadda ake faɗa. Amma ba ruwan ne ya tsayar da ni ba, wata mata ce a rumfar ganyen kwakwa, ana kiranta Mama Sena, tana manna ɓawon katantanwa a gefen madubi har ya fita kamar fure. Ba ta jin Hausa, Sani ke mana tafinta.

Na ɗauki guda ina shafawa, layi-layi ne reras. Na tambaye ta da wace wuƙa take zana su. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ciro mai rai daga bokiti ta buɗe mini, sai ga tsoka a ciki tana motsi. Har la'asar ina bin ta muna tsinta. Na tambaye ta ko za su jure wuta, ta ce ita manni ta sani, ba ta san wuta ba.

Hanyar dawowa

Bayan sati biyu na kamo hanya da rabin buhun ɓawon katantanwa. Gaba da Lakwaja wani soja ya kwance bakin buhun.

"Mama, magani ne?"

"Aiki ne, ɗana."

Ya zaɓi guda biyu, wai zai kai wa 'yarsa.

Gida

Na gina kaskon turare goma sha biyu, na danna katantanwa a wuyan kowanne. To, ni da yayata Hajara wuta ɗaya muke gashi, kuma a wannan karon akwai randuna huɗu da aka ba ta aikinsu. Ta ce idan abin nan ya fashe ya taɓa mata randa, mun raba wuta ke nan har abada. Na jera nawa can gefe.

Da toka ta huce muka tone. Randunanta lafiya lau. Nawa biyu sun tsage, katantanwar kuwa duk ta ƙone, ta yi fari, ina taɓawa tana zubewa kamar alli. Na zauna a ƙasa.

Hajara ce ta ɗauki ɗaya ta goge da gefen zaninta. Ashe ɓawon ya tafi, amma ya bar sawunsa a yumɓun, kowane layi ya fito. Ta daɗe tana jujjuya shi.

"Saura nawa a buhun?"

"Da yawa, Yaya."

"To daina ƙona su. Dannawa za mu riƙa yi mu cire. Miƙo mini babbar can."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Sani da Mama Sena. Randunan Hajara na gaba duk da zanen teku suka fito.