Ba Ruwanka, In Ji Maƙwabcina

Shekarun baya can, ina matashin magidanci a wani ƙauye kusa da Suki, ina noman auduga a hawashar mahaifina, wato gonarsa ta ban-ruwa, wani mutum ya taso daga Damazin ya kafa gida jikin namu. Bahaushe ne kamar mu, marar yawan magana. Ya zo da matarsa mai tsohon ciki, da jaki, da wani jan kare mai yankakken kunne.

Karen nan ba a ɗaure shi. Hanyar da mata ke bi zuwa tur'a, wato magudanar da ke shayar da gonaki, ɗibar ruwa ta bayan dangarsu ta wuce, shi kuwa nan ya mayar wurin kwanciyarsa, duk wanda ya gifta sai ya taso masa. Mai ɗakina ta koma zagayawa ta bayan maƙabarta, tafiya mai nisa, ga tulu ga goyo. Ranar da ta gaji ta bi gajeriyar hanyar, ya cafke bakin zanenta, ta faɗi, tulun ya fashe, gwiwarta ta ƙuje.

Na fito da zafina. Ban zagaya ƙofa na yi sallama ba, jikin danga na tsaya na ɗaga murya na ce ya fito ya ga aikin karensa. Karen kuwa sai haushi yake a kaina. Can daga cikin gida na ji muryar mutumin: "Ba ruwanka! Kai, ba ruwanka!"

Ban jira ya fito ba, na juya. Da yamma matarsa ta aiko da sabon tulu, na sa aka mayar. Mijin ya miƙo min hannu a masallaci, na yi kamar ina gyara hula. Mai ɗakina ta ce in je mu yi magana kamar manya, ita ruwa take so kusa. Na ce wanda ya ce ba ruwana da ciwon iyalina ba zan taka gidansa ba. Ita ce dai ta ci gaba da zagaye, ni ina zaune ina riƙon girma.

Ana haka matarsa ta haihu. Ranar suna duk gari ya taru a ƙofarsa, ana shan shayi ana cin asida, ni na saɓa fartanya na nufi gona. A ƙauye irin namu wannan ba ya ɓoyuwa. Bayan la'asar shehun gari, wato mai garinmu, ya sa aka kira mu gaban dattawa.

Na zayyana komai. Maƙwabcina ya amsa laifin karen, amma ya rantse bai taɓa gaya min baƙar magana ba. Na ce da kunnena na ji. Liman ya dubi maƙwabcina ya ce, "Malam, wanga kare naka, mi as sunanai?"

Mutumin ya buɗe baki zai amsa, sai ya dafe shi da hannu. Ashe wajen wani maharbi ya samo karen, shi kuwa maharbin ya raɗa masa Ba-ruwanka don habaici ga 'yan'uwansa, kamar yadda mutanenmu kan yi. Ranar nan kiran karensa yake don ya rabu da ni. Dattawa suka yi dariya har da masu share hawaye. Shehun gari ya ce a ɗaure karen a gindin aduwa muddin mata na zuwa ruwa, ni kuma a nemo min mai wanke kunne.

Muna komawa maƙwabcina ya ce a hankali, "Ɗan'uwa, da ta ƙofa ka zo, da tuni na ɗaure shi."

Washegari mai ɗakina ta bi hanyarta lafiya. Da hantsi aka kawo mana soyayyen naman suna, rabona cikakke. Na karɓa na ci.

Yanzu na tsufa, shi kuma ya riga mu gidan gaskiya, bai taɓa tayar min da zancen ba. Na gane gaskiyata a kan karen ba ta amfani kowa ba, tunda na ƙi kai ta inda za a ji. Abin da ke taɓa ni har yau, an yi wa jariri addu'a a jikin dangata, ban ce amin ba.