Gwiwar da Kulzira Ta Ƙi Tausawa

Kulzira matar abokina Sabit ce. Da yake ni da Sabit shekara ɗaya aka haife mu, al'ada ta ba ni lasisin tsokanarta har kabari, kuma ban taɓa barin lasisin ya yi ƙura ba. Tare muke aiki a gonar maral, manyan barewar nan masu rassan ƙaho, a tsaunin da ke saman ƙauyenmu a Katon-Karagai. Ni ke hura wa tukunyar dafa ƙaho wuta. Baƙi masu ciwon baya su shiga ruwan su jiƙu, su fito jawur, sai a miƙa wa Kulzira su.

Wajen kakarta ta koyi tausa, tsohuwar da ke ɗora ƙafar ɗan rago da ta mutum da hannu ɗaya, daga baya ta je birni ta ƙaro ilimi. Ƙaramar mace ce, amma babban yatsanta kamar turke. Mu kuwa a nan, tausar da ba ta sa ƙato ya kira sunan uwarsa ba, shafa ce kawai. Kulzira ta sa ƙatti da yawa sun tuna da iyayensu.

Mutum ɗaya take shakka a duniya: Toktar, yayan mijinta, shugaban mahayan da ke koro maral daga dutse. Tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa furta sunansa ba, Mai Sirdi take ce masa. Ba ta taɓa zama kafin ya zauna ba, balle ta ce masa a'a.

Ana gab da fara yankan ƙaho sai gwiwar Toktar ta dama ta kumbura kamar kankana. Bai faɗi ba, doki bai shure shi ba. Matarsa Bibinur ta shafa kitsen wutsiyar rago, ta naɗe, a banza. Sai ya aiko wa Kulzira: gobe zai shiga ruwan ƙaho, ita kuma ta murje masa abin ya fashe, don jibi zai hau doki.

Da safe ta same ni bakin tukunya, fuskarta ba jini.

"Gawayi," ta ce, sunan da aikin wuta ya ja min, "bar wutar nan ta mutu."

"Ikon Allah! Yau kuma ni ake roƙo? Faɗi da ƙarfi, Sabit ya ji."

"Ba wasa nake ba. Jiya da na kai musu shayi na taɓa gwiwar ta saman wando. Zafi kamar burodi daga tanda. Gaɓa mai zafi haka ba a murza ta, ba a sa ta a ruwan zafi. In na danna da ƙarfi irin yadda yake so, zan iya nakasa shi."

"To ki gaya masa mana."

Ta dube ni kamar na ce ta hau rufin masallaci ta yi rawa.

Na bar wutar ta mutu, na ce itace ne ya jiƙe. Toktar ya zage ni tas, ya haɗa da kakana da ya rasu ban san shi ba. Washegari Kulzira ta ce man tausa ya ƙare. Aka aiko mata da kwalba biyu. Ta ce yatsanta ya gurɗe. Bibinur ta zo da kanta ta duba yatsan, ta ce lafiyarsa lau. Dabara ta ƙare, ni kuma na san in ƙafar nan ta lalace a hannun Kulzira, a gidan nan za ta ci gaba da zuba masa shayi har ƙarshen ransa, tana kallon sandarsa jingine da bango.

Toktar ya zo da hantsi, yana dogara kafaɗar Sabit, mahaya na biye. Ya zauna kan bencinta ya naɗe wando. Fatar ta yi sheƙi, ƙoƙon gwiwar ya nutse ba a ganinsa.

"Bisimilla, kelin," ya ce, yadda ake kiran matar ƙane. "Kada ki ji tausayina. Ni ba baƙon birni ba ne."

Ta ɗora tafinta a hankali. Ta daɗe a haka. Ina ganin gumi na bin bayan kunnenta.

"Mai Sirdi, bara kaska ta cije ka?"

Mahaya suka kwashe da dariya. Wa kaska ba ta ciza a dajin nan? Na ce, "Yaya Toktar ai kaska ce ke zuwa asibiti in ta cije shi." Ba wanda ya ƙara dariya, sai na haɗiye sauran.

"Wurin ya yi jan zobe? Mai faɗi, yana ƙara buɗewa?"

Bibinur ce ta amsa daga bakin ƙofa. "A bayan cinya. Kamar gindin kofi, sannan kamar faranti. Ya yi zazzaɓi kaɗan. Amma ai ya ɓace tun bara."

Kulzira ta ɗauke hannunta, ta mayar da su duka biyun bayanta, ta sunkuyar da kai.

"Ba zan taɓa ba."

"Me kika ce?"

"Ba zan taɓa ba, Mai Sirdi. Ni ba likita ba ce, ban tabbata ba. Amma akwai ciwon da kaska ke bari a jini, ya yi shiru wata da watanni, sannan ya fito a gwiwa. Wannan ba na yatsa ba ne, na magani ne. A je a ɗibi jininka."

Sabit ya ce a hankali, "Ke, gaban mutane?" Kunnuwansa sun yi ja.

Toktar ya miƙe, ya ɗingisa zuwa dokinsa, ya kama sirdi. Ya sa ƙafar hagu a likkafa, ta daman ta ƙi ɗaukar nauyinsa. Ya sake gwadawa. Mahaya duk suka shiga duba igiyoyinsu kamar yau suka fara ganin igiya. A karo na uku ya tsaya, goshinsa jingine da wuyan dokin.

"Gawayi," ya ce, "kawo tsohuwar motarka."

Na kai shi asibitin gunduma. Suka zuƙe ruwa daga gwiwar, suka ɗebi jini, suka ce a jira.

Jiran nan ne ya ramar da Kulzira. An fara koro maral ba Toktar, karo na farko tun yana saurayi. A gida in ta miƙa masa shayi sai ya karɓa ta hannun Bibinur. Kullum sai ta zo bakin tukunyata.

"In aka ce ba komai fa? Na kunyata shi gaban yaransa, na hana shi hawa, a kan zobe?"

"Sai mu gudu Mongoliya ni da ke. Sabit ba zai lura ba sai ya ji yunwa."

Ko murmushi ba ta yi ba.

Sakamako ya zo: ciwon kaska ne. Aka ba shi ƙwayoyin wata guda, likita ta ce kumburin zai iya daɗewa bayan maganin, kuma ba ta yi alkawarin ƙafar za ta koma kamar da ba. Kulzira ta ji wannan ta shiga ɗakin tausa ta rufe ƙofa. Ban san ko kuka ta yi ba, ban tambaya ba.

Sai da ganyaye suka fara zuba, baƙi suka watse, Toktar ya shigo ɗakin tausa da ƙafarsa, ba sanda. Gwiwar ta sace, ta huce, amma cinyar ta zama kamar ta yaro don rashin aiki. Ya zauna, ya naɗe wando, idonsa na kan bango.

"Likita ta ce yanzu a taɓa."

Kulzira ta fara daga ƙwauri, ta hau cinya, a hankali, tana zagaye gwiwar, tana tsayawa ta ji ko da zafi.

"Wannan ce tausar da ake ta yabo?" ya ce. "Kyanwa ma ta fi ki nauyin hannu."

"Haka za a yi, Mai Sirdi. In ta yi zafi gobe, mu dakata."

Ya yi gunaguni, ya gyara zama, ya miƙa mata ƙafar sosai.

"Zan hau baɗi?"

"Ban sani ba," ta ce. "Lanƙwasa mu gani."